Maccido Ya Gyara Gona

Tun kafin Zaituna ta sauka daga babur warin maganin feshi ya buge ta. Ta kutsa cikin fadamar Mungadi, ta durƙusa, ta buɗe ganyen albasa ɗaya bayan ɗaya. Tas! Ko ƙwaro ɗaya ba ya motsi.

Shekara uku ke nan tana zirga-zirga daga Aliero zuwa kan fegin nan guda, wanda mai gonar, Baba Maccido, ya yi mata alkawarin ba zai taɓa fesawa ba. Ba ƙwarin ne suka dame ta ba, bakteriyar da ke zaune a cikin cikinsu ce. Tana son ta nuna cewa bakteriyar nan na karɓar ƙwayoyin halitta daga wata bakteriyar da ba danginta ba, ba ta hanyar gado ba, kamar maƙwabta na miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ɗiba ɗaya ya rage mata, na ƙwari masu rai, daga gonar da guba ba ta taɓa ba. Idan ta rasa na bana, digirinta sai ya jira albasar baɗi. Kuma yau ne malaminta, Farfesa Rufa'i, zai zo ya gani da idonsa.

Sai ga Maccido cikin farar riga, yana fara'a kamar ango.

"Baba, wa ya fesa nan?" in ji Zaituna.

"Ni na, ɗiyata. Jiya da marece, har sau biyu, don kada a yi saura."

"Ba mun yi magana ba? Sau nawa na roƙe ka? Shekara uku, Baba!"

"Mun yi. Amma ke kinka ce babban malaminki na tahe." Ya gyara hula. "A ce baƙo ya taso takanas, ya iske gonar Maccido ƙwari na ci awa ba ta da mai ita? Ina zan sa huskata? Ke ma ina za ki sa taki?"

Da mugunta ya yi, da ta san abin da za ta faɗa masa. Amma ina ake kai ƙarar wanda ya yi maka ɓarna don ya fita kunyarka? Dattijo ne, sa'an mahaifinta, don haka ta haɗiye maganar, ta ci gaba da tsaga ganye da farce har idanunta suka kawo ruwa.

Mota ta tsaya a bakin hanya. Farfesa ya fito, aka yi doguwar gaisuwa, ya dubi kunyoyin nan kore shar.

"Masha Allah, Baba, gona ta yi kyau!"

Maccido ya waiwayi Zaituna yana murmushi, wai kin gani ko?

Farfesa ya naɗe hannun riga, ya juyo.

"To, Zaituna, bismilla. Nuna min ƙwarin namu."