Rabin Ƙwayar Labbo

"Yana shan maganin hawan jinin da na rubuta masa?" Likita Shamsuddeen ya tambaya, hannunsa a kan wuyan hannun Labbo, wanda ke kwance baki ya karkace.

"Kullum da sahe, likita," in ji Mairama, matar Labbo. "Shi ka raba ƙwayar da wuƙa ya sha rabi."

"Rabi? Guda na ce. Ina ɗaya rabin yake zuwa?"

Ladan, maƙwabcinsu, wanda ya tallabo Labbo a mota tun daga Sabiyal har wannan ɗan asibiti na Jega, ya tsura wa takalmansa ido.

Tun bara ne, wajen dashen albasa, jiri ya kwashi Ladan ya zauna a bakin kwamin shuka riƙe da ƙeya. Labbo ya dube shi ya ce, "Ciwonmu guda, maƙwabci. Tahi ka ga likita." Ladan ya yi ta ƙorafin kuɗin mota da na kati, alhali rumbun albasarsa ya fi na Labbo cika. Washegari bayan sallar asuba Labbo ya ciro ƙwaya, ya ɗora a kan dakali, ya raba ta biyu da wuƙar yankan albasa.

"Kai hwa, rabi ya ishe ka?" Ladan ya tambaya, ya riga ya miƙa hannu.

"Dube ni, awa karan dawa. Ina guda za ta zauna?"

Suka yi dariya. Tun daga ranar kullum Ladan na karɓar rabi, bai sake tambaya ba, don ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Kansa ya daina ciwo, ya yi shiru da bakinsa.

"Baba, kai ne kusa da shi," likitan ya juyo ga Ladan. "Ka san wani abu?"

Kafin ya motsa leɓe Mairama ta ce, "Tsada ta, likita. Maganin ya yi muna tsada." Ko kallon Ladan ba ta yi ba.

Likitan ya sauke numfashi. "Da ya gaya mini, ai akwai mai sauƙin kuɗi, aikinsu ɗaya. Da shi zan rubuta."

Labbo bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa ranar Laraba da hantsi. Ladan ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Masu ta'aziyya suna ta cewa, "Ladan, ka cika maƙwabci," shi kuwa sai ya ji kamar ana zuba masa garwashi a riga.

Da aka watse zaman makoki, Mairama ta kira shi ta kan katangar zana.

"Malam Ladan, ga saƙonka." Ta miƙo masa ƙullin leda.

"Mairama, ni na..."

"Na sani tun bara. Ya riga ya yanke na watan ga duka. Nashi da naka, yanzu ka haɗa ka sha guda."

Ta saki zanar ta koma ciki. Ladan ya zauna a kan dakalin, ya kwance ƙullin ledar. Ya ɗauki rabi biyu yana ƙoƙarin haɗa bakinsu, suna zamewa tsakanin yatsunsa, ɗan farin gari yana zuba a kan gwiwarsa.