Igiyar Auta

Tun da Auta ya fara bin Dogo wurin aikin gini, tsarinsu bai taɓa canzawa ba. Duk inda aka ce rami ne, ko tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ko bututun da sai da rarrafe ake shigarsa, Auta ne mai shiga, Dogo ne mai riƙe igiya a baki. Auta siriri ne kamar tsinken tsintsiya, ga shi da baki. Dogo yayansa ne ciki ɗaya, shi ya goya shi lokacin da Inna take fita sana'a. Leburori duk sun sani, ba mai taɓa igiyar nan. Ko fitsari ne ya matsi Dogo, sai dai Auta ya fito tukuna.

Ana nan sai kamfaninsu ya samu kwangilar gyaran manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin titi. Foman ya tara su ya ce masu aikin sun kafa sharaɗi: ba mai zuwa kusa da bakin rami sai wanda aka horar kuma ya ci gwaji. Wanda ya faɗi ba korarsa za a yi ba, wajen kwaɓa siminti za a mayar da shi.

Mai horar da su wata injiniya ce 'yar ƙarama, mai farar hular kwano, ba ta ɗaga murya. Malama suke ce mata. A bayan sito ta sa aka tsayar da wani tsohon tankin ƙarfe, aka yi masa dakali a sama, aka kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku a kan bakinsa, da abin naɗe igiya da ake juyawa da hannu. Ta nuna musu ɗamarar da mai shiga zai ɗaura ta kafaɗa da cinyoyi. Ta nuna musu wata na'ura kamar tsohuwar waya, wadda ake zurawa a rami kafin mutum ya sa ƙafa, in iskar ciki ta lalace sai ta kama kuka. Ta ce muguwar iska ba dole ba ne ta yi wari, mutum yana cikin magana zai zube. Auta ya ce a taimaka a gwada na'urar a cikin takalmin Foman, a ga ko za ta rayu. Aka yi dariya, har Malama sai da ta sunkuyar da kai.

Dogo bai yi dariya sosai ba. Komai ta faɗa yana gyaɗa kai, don yawancinsa ya sani tun kafin a ba shi suna. Sai da ta zo kan mai tsaron baki. Ta ce in na ciki ya faɗi, mai tsaron baki ya busa usur, ya juya abin naɗe igiya ya jawo shi. In igiya ta maƙale, ya tsaya inda yake, ya ci gaba da kiran na ciki, har masu ceto su zo da tulun iska a bayansu. Ba ya shiga. Ta ce sau da yawa gawar da ake fara cirowa daga rami ta wanda ya shiga ceto ce.

Dogo ya ɗaga hannu a hankali.

"Malama, in ƙaninka ne fa a ciki?"

"Ko ɗan da ka haifa ne, Malam. Iskar da ta kayar da shi ba ta san kai yayansa ba ne."

Da aka zo gwaji, aka haɗa su biyu-biyu. Wani matashi da suke kira Ɗan Waya, saboda kullum kansa yana kan waya ko da yana tura baro, shi ya fara. Abokinsa ya yi kamar ya suma, igiya ta ƙi tahowa don Malama ta sa an maƙale ta da gangan. Ɗan Waya ya busa usur, ya tsaya ƙyam yana kiran na ciki cikin natsuwa, kamar mai jiran mota. Malama ta ce haka ake so.

Sai Auta ya sauka. Dogo yana jin takunsa a kan tsani, yana jin yana waƙa a ciki, muryarsa tana amsawa a jikin ƙarfe. Can waƙar ta yanke, wani abu ya buga ƙasa. Dogo ya san wasa ne. Da kunnensa ya ji lokacin da Malama ta ce wa Auta ya kwanta. Ya juya igiya, ta ƙi. Ya leƙa, ya hango tafin takalmin Auta a cikin duhu, ba motsi. Bai san lokacin da ya sauka ba. Shi dai ya tsinci kansa a durƙushe a ƙasan tanki, ya tallafo kan yaron, usur yana lilo a wuyansa bai ko busa ba.

Auta ya buɗe ido ɗaya. "Yaya, ka mutu fa. Kwanta a nan kusa da ni."

A sama aka kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce za ta sake gwada Dogo gobe.

Da yamma a gida, Auta ya ce dole a yi wa Yaya bita. Ya shige ƙarƙashin gadon Inna ya miƙe, ya bar ƙafafunsa a waje. Matar Dogo ta ɗauko murfin tukunya da cokali ta ce su ne usur. Yara suka kewaye suna tsalle. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, Auta yana ta nishin ƙarya yana kiran sunan duk wanda ya taɓa ɓata masa rai yana yafe masa. Har Dogo ya fara murmushi, sai ga Inna ta shigo da butarta. Ta ce wa Auta ya fito mata daga nan, ba a wasa da mutuwa a ɗakinta. Da aka yi mata bayani, ta ce ita ba ta san wata malama ba, abin da ta sani shi ne igiyar ɗanta tana hannun yayansa, shi ya sa take iya barci. Dogo ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi, yana ta murza tafin hannunsa.

Washegari ya je da niyyarsa. Auta ya sauka, ya kwanta. Dogo ya busa usur har kunnensa ya yi ƙara. Ya juya igiya, ta ƙi. Ya kama ƙafar ƙarfen nan da hannu biyu ya riƙe, yana kira.

"Auta. Auta, kana ji na? Suna zuwa."

Masu ceton suna can bakin sito suna saka tulun iska, suna duba madauri ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya musu. A idon Dogo kamar masu shirin zuwa kasuwa. Gumi yana zuba daga ƙarƙashin hularsa yana shiga masa ido, bai saki ƙarfen ba. Sai Auta ya yi tari a ciki. Tsatsar tankin ce ta shiga masa maƙogwaro, tari biyu gajeru, irin wanda yake yi yana ƙarami in sanyi ya kama shi. Daga nan shiru.

Da Malama ta taɓa kafaɗarsa, ƙafar Dogo ta dama tana kan matakin farko na tsani. Ya dube ta, ya dubi ƙafar, kamar ta wani ce.

Ya roƙe ta. Ya ce ƙafa ɗaya ce, ai bai shiga ba. Ya ce ta sake gwada shi da wani, ba Auta ba, za ta gani. Ta ce ta san da wani zai ci, amma ba wani zai tsare ba. Sannan ta ce:

"Malam, ba don ba ka iya ba ne. Ranar da abin ya zama gaske, mutum biyu zan rasa maimakon ɗaya."

Foman ya ba Ɗan Waya usur da igiya. Auta ya zo yana cire ɗamara, ya ce kada Yaya ya damu, ai na'ura tana nan, kuma shi da kansa zai ƙwace wayar yaron kafin ya sauka. Ya so ya ƙara wani wasan, ya ga fuskar Dogo, ya haɗiye.

Ranar da aka fara aikin titi, an tare hanya da jajayen ganguna. Injin kwaɓa siminti yana can tsallaken titi, nan aka ajiye Dogo da shebur. Daga inda yake yana hango ƙarfen mai ƙafa uku. Ya ga an zura na'ura an ciro. Ya ga Auta ya gyara hularsa, ya ɗago masa hannu, sannan kafaɗunsa suka nutse, kansa ya bi. Ɗan Waya ya tsaya a bakin ramin daidai yadda aka koya masa. Hannunsa ɗaya yana kan igiya, ɗayan yana cikin aljihu, kuma daga nan Dogo ba ya iya gane abin da yake taɓawa a ciki.

Mai injin ya ce a zuba yashi. Dogo ya zuba, idonsa yana tsallake. Ya sake ɗiba ya zuba. Sai wata tifa ta taho da tsakuwa, ta ja birki a tsakaninsa da ramin, direban ya kashe ta ya sauka neman ruwan sha.

Dogo ya matsa hagu, bai ga komai ba. Ya matsa dama, jikin tifar ne dai. Mai injin ya ce masa siminti yana bushewa. Ya sunkuya ya cika shebur.