Ranar da Malam Kurihara Ya Nemi Takarda

Tun yana saurayi Malam Kurihara bai taɓa hawa dandamali da takardar kiɗa ba. Haka makaɗan piyano suke yi, a ka ake riƙe kiɗa, amma shi ya mayar da abin kamar addini. Duk ɗalibin da ya saci kallon takarda a gabansa, sai ya ce masa ya tafi gidan rediyo ya nemi aikin karanta labarai. Yau Lahadi rabin zauren nan na birnin Kanazawa a Japan ɗalibansa ne, wasu har da furfura, kuma babu wanda bai sha wannan baƙar magana ba.

Jiya a wajen gwaji ya ɓace a tsakiyar dogon kiɗan da zai rufe taro da shi. Akwai wata gaɓa mai zuwa sau biyu: karon farko ta mayar da makaɗi baya, karo na biyu ta wuce da shi gaba. Yatsunsa baya suka yi ta komawa. Fumie kaɗai ta ji, tsohuwar ɗalibarsa da yanzu take da nata ɗaliban.

Yau kafin a fara ta same shi a ɗakin shiri ya tsoma hannuwa cikin ruwan ɗumi. Littafin kiɗan na hammatarta.

"Malam, bari in zauna a hagunka ina juya maka shafi. Manya ma suna yi yanzu."

"Manyan da suka mutu aka manta ba a binne ba."

"Jiya ka ɓace."

"Jiya piyanon ne ba shi da lafiya. Har yanzu kunnen katako gare ki, Fumie."

"Da maiɗakinka na raye, da ta gaya maka gaskiya."

"Gaya mini gaskiyar ne ya gajiyar da ita ta riga ni." Ya goge hannuwa. "Ki ce wa mai gyaran piyano ya cire allon ɗora takarda."

Aka cire. Ya fita, ya sunkuya wa jama'a, ya zauna. Da aka kai kiɗan rufewa, farkonsa ya zubo yadda ya saba, har wata tsohuwa a layin gaba ta lumshe ido. Gaɓar ta zo, ya koma baya, daidai. Ta sake zuwa, yatsun suka sake komawa baya. Baƙi ba su gane ba. Ɗalibansa sun gane, ya ji zauren ya daina numfashi.

Shi ya koya musu cewa wanda ya ɓace kada ya tsaya, ya tsallaka gaba. Ya leƙa gaban a ransa, ya tarar da shi wayam. Gumi ya shiga idonsa. Gaɓar na tahowa kuma, ya san inda za ta kai shi.

Ya ɗauke hannuwansa.

Ko tari ba a yi ba. Kowa ya sa ido a gwiwarsa, irin ladabin nan da ya fi ihu ciwo. Ya miƙe ya nufi ƙofar gefe, inda Fumie ke tsaye.

"Ba ni littafin."

"Ba inda za ka ɗora, Malam. Kai ka ce a cire."

"To a mayar."

Mai gyara ya ratso dandamali da rigar aikinsa, rungume da allon. Allon ya ƙi shiga mazauninsa, ƙarar gogarsa ta kai layin baya. Malam Kurihara bai ɓuya ba. Ya tsaya a tsakiya da littafin a ƙirji, yana bin ɗalibansa da kallo ɗaya bayan ɗaya, har aka gama.

Fumie ta zauna a hagunsa ta buɗe shafin. Ya duba, baƙaƙen duk sun cakuɗe.

"In kika juya da wuri, sai na karya miki yatsa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Sa tabaranka tukuna, Malam."

Babu wanda ya taɓa ganin shi da tabarau a zauren nan. Ya zaro shi daga aljihun ciki, ya goge a hankali, ya sa, ya ɗauko kiɗan daga inda ya yanke.