Amani da Shanun Zulu

Shekara goma sha shida Amani ya yi ba a ga ƙeyarsa ba a ƙasar Dakoro. Mahara ne suka ɗauke shi yana kiwo, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Ikko, inda ya shiga sojan Nasara. Da ya dawo ƙauyensu na gefen Kornaka, iyayensa sun rasu, garken ubansa dangi sun yi watanda da shi. Ƙanwarsa Dela ce ta ba shi ɗaki, tana raba masa tuwon 'ya'yanta. A ƙasar nan kuwa, namijin da ba shi da ko saniya ɗaya ba a jin bakinsa a taro.

Ana nan sai ƙanen ubansa, Kimba, ya kira shi gindin gawo, gaban dattawa. Shi ne ya fi kowa cin garken nan, amma ko kunya babu a idonsa. Wai mutanen Intalla, wani mai garke a Azagor, can arewa, sun hana su rijiya bara, don haka za a je a koro shanunsu. Akwai bindiga guda a gari, babu wanda ya iya saita ta.

"Kai ka san wuta, ɗana," in ji Kimba. "Ka tahi da mu, ka samu abin da za ka tada garke."

Ran Amani ya so shanun nan, ba ƙarya. Amma ya ce, "Baba, bari in gaya maku inda na koyi aikin ga."

Ya ba su labarin yadda wani hafsan Nasara ya ɗauke shi a jirgin ruwa don ya kula masa da alfadarai, har ƙasar wasu mutane da ake kira Zulu. A can Nasara suka tara wasu baƙaƙen ƙasar don yaƙar Zulu, suka ɗaura wa kowa jan tsumma a ka don kada a harbe shi da kuskure, mutum goma bindiga ɗaya. Su ake turawa gaba su sha mashi. In an ci, Nasara ya ci. In an gudu, baƙi ne matsorata.

"Mi Zulu sunka yi maka?" wani tsoho ya tambaya.

"Ko sunana ba su sani ba. Makiyaya ne kamar mu, kowace saniya da sunanta."

Ya ce ranar da aka ƙone wani gari, sojoji suka yi ta zabga wa shanun garin bulala don su kora su, shanu suka ƙi motsi. Shi kuwa, ɗan makiyayi, ya kasa yin shiru. Ya kwance maruƙa ya ja su gaba, iyayen suka bi da kansu, garke guda har sansani. Wata tsohuwa ta biyo su tana kiran shanunta ɗaya bayan ɗaya, har muryarta ta dushe. Ladansa gwangwanin nama ɗaya. Shanun kuwa Nasara suka raba a tsakaninsu.

"Hannuna ya yi wannan, Baba. Ba ni ƙara yi."

Kimba ya bushe da dariya. "Ashe ma gwani ne! Ka yi wa Nasara a banza, ka ƙi yi wa danginka?"

Abin da suka tsinta a labarin ke nan! An ba su gawa su yi kuka, su kuwa suna duba ko rigarta za ta yi musu daidai. Amani ya tashi ya bar wurin.

Suka tafi ba shi. Bayan kwana uku suka dawo da shanu arba'in. Kimba, don a ce ya yi zumunci, ya sa aka ɗaure wata jar saniya a ƙofar Dela. Maraƙinta ya mutu a hanya, hantsarta ta cika tam, sai kuka take tana duban arewa.

Dela ta fito da ƙwarya, idonta a kan nonon. Amani ya riga ta kai hannu ga igiyar.

"Yaya, ɗiyana rabonsu da nono tun kaka," ta ce. "In ka maida ta, Baba ba ya barin ka kwana garin ga. Can kuma kashe ka za su yi."

"Na sani, Dela."

Ya kwance saniyar. Bai ko ja ta ba, ita ta shige gaba, don ta fi shi sanin hanya. Dela ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kiran sunansa, shi kuwa bai yarda ya waiwaya ba.