Tafiyar Agwagwa

Gwaggo ba ta taɓa shiga gidan sinima ba sai ranar da ƙaninta Injiniya ya ce ta rufe shagon ɗinkinta ta zo a kai Auta kallon katun. Ta saka kayanta na zuwa unguwa, ta hau matakalar da ƙyar, don ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama tun tana yarinya. Ta zauna tsakanin matar Injiniya da Auta, 'yarsu mai shekara tara.

Labarin wani iyali ne na kaji da ɗan tsakonsu ya ɓata a tashar jirgin ƙasa. Akwai wata tsohuwar agwagwa, ba miji ba ɗa, da ta liƙe musu. Ɗingishi take yi, kuma duk takun da ta yi sai a busa wani ƙaho, ɗakin ya kece da dariya. Ita ce ta kutsa cikin lambatu ta nemo ɗan tsakon. Daga ƙarshe iyalin suka hau jirgi suka manta da ita, tana bin su da gudu, ƙahon na ta busawa. Mutane har da tafi. Gwaggo kuwa ta ja gefen mayafi ta share ido, matar Injiniya na kallonta ta wutsiyar ido.

A mota matar ta juyo.

"Yaya, kin ga 'yar'uwarki ne kika yi kuka?"

Injiniya ya yi dariya har da dukan sitiyari. Gwaggo ma ta ɗan yaƙe baki, don ba ta san me za ta yi da fuskarta ba. Auta ce kawai ba ta yi dariya ba, ta kama hannunta ta riƙe har barci ya ɗauke ta.

Ta ɗauka maganar ta mutu a nan. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo gwada riga, tana tsaye gaban madubi, ta ce, "Gwaggo, ashe kin zama tauraruwa," ta miƙa mata waya. Ita ce a bidiyo, an ɗauke ta ta baya tana saukowa daga matakalar sinima, hannu a jikin ƙarfe, kuma duk takun da ta yi an ɗora ƙahon nan. Matar Injiniya ce ta saka a intanet. A ƙasa Injiniya ya jera fuskoki masu hawayen dariya.

Da ma'aikaciyar jinyar ta tafi, Gwaggo ta kira Injiniya.

"Haba Yaya, wasa ne fa. Ke komai sai kin mai da shi babban abu. Shi ya sa ma..."

"Shi ya sa me?"

"Ba komai. Ina cikin taro."

Ya kashe. Gwaggo ta zauna tana kallon ƙafar. Da ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da ɗayar kuma ta taka keken ɗinkin nan har Injiniya ya zama abin da ya zama. Ranar ba ta ƙara ɗinka ko ɗankwali ba. Washegari da ta fito, sai ta ji kamar duk titin na jiran takunta, har ta riƙa tsayawa tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Da yamma Auta ta biyo daga makaranta kamar yadda ta saba. Ta ajiye jaka, ta hau kujerar da ke gefen keke, ta fara zura mata zare a allura.

"Gwaggo, ni ban yi dariya ba. Na ce wa Mama ta goge, ta ce in rufe mata baki. Ni agwagwar ce ma ta fi burge ni."

Auta ta yi murmushi. Haƙoranta biyu na gaba manya ne, sun ɗan turo. Amma goshin, da idon, da yadda take karkata kai, duk na uwarta ne. Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

"Kin tuna ɓeran nan mai sharar tasha? Mai haƙoran nan kamar fartanya?"

"Eh, wanda ya kasa rufe baki!"

"To da kika yi barci a mota, Mamanki ta ce ke ce. Babanki ya yi dariya har ya kusa sakin hanya. Suka ce kada a gaya miki."

Ba wanda ya faɗi haka. A lokacin maganar ta zo mata, ta fito sumul kamar an daɗe da gugarta.

Auta ta sauke allurar.

"Mama ce ta ce?"

"Ga madubi can. Je ki duba da kanki."

Yarinyar ta je ta tsaya. Ta ɗaga leɓenta a hankali, ta sauke, ta yi ƙoƙarin rufe bakin gaba ɗaya, haɓarta ta tattare. Gwaggo na kallonta ta cikin madubin, sai ta ji wani sanyi ya sauko mata a ƙirji, irin na mai ƙishi da ya sami ruwa. Auta ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama babu. Ba ta ƙara biyowa ba.

Bayan 'yan makonni matar Injiniya ta shigo da yadi a leda, fuska sake kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Gwaggo ta ɗauko tef ta fara auna ta.

"Yaya, Auta na ba ni tsoro. Ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu. Ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto, a makaranta ma an ce ta daina amsa tambaya. Ni kuwa ko kallona ba ta son yi, in na taɓa ta sai ta janye. Ko ta gaya miki wani abu?"

Gwaggo ta zagaya tef ɗin a ƙugunta, ta ja shi har sai da matar ta ja numfashi.

"Girma ne," in ji ta. "Ɗaga hannunki."