Shanuna 'Yan Kaɗan Ne

Ni Armiya'u, tun ina bin mahaifina kiwo, a tafkin bayan Badarawa shanunmu ke sha idan rani ya tsananta. Kuma tun lokacin, da an gama yankan gero, gonar maƙwabcinmu Jafaru muke sauka. Shanu su ci kara, su bar masa taki. Matata Barakatu ta kai wa iyalinsa nono, su aiko mana da dawa. Jafaru ya san garkena kamar yadda ya san 'ya'yansa.

Bara sai ga baƙi daga ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta masu dashen itatuwa, ɗaya ta masu kula da ruwa da tsuntsaye. Sun haɗa kai, wai za su auna amfanin da tafkin ke yi wa kowa, masunci da mai lambu da makiyayi, su kai wa ƙaramar hukuma ta raba bakin ruwan gwargwadon buƙata. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Jafaru suka ɗauka ɗan jagora, shi ya rako su har ruga.

Shugabarsu, Malama Rashida, ta zauna kan tabarma ta sha nono, sannan ta ce, "Malam Armiya'u, shanu nawa kake shayarwa a tafkin?"

To, a gidan wa ake irin wannan tambaya? Mu ba ma faɗin yawan shanu. Kakana bai faɗa ba saboda bakin mutane, mahaifina saboda jangali, ni kuwa ga ɓarayin daji sun hana kowa sakat daga Zurmi har Shinkafi. Garken ma ranar yana can kiwo. Na sunkuyar da kai na faɗi abin da kowane Bafillace zai faɗa: "'Yan kaɗan ne, Malama. Alhamdu lillahi."

In faɗi gaskiyarta, ba ta yarda nan take ba. Ta juya wajen Jafaru. "Haka ne?"

Raina kwance na dube shi, don ya san al'adarmu sarai. Na ɗauka ko a hanya ne zai ja ta gefe ya ce kada ta biye wa kunyar Bafillace, garken nan cika gonarsa yake yi har ya yi saura.

"Haka ne," in ji shi. "Ba su taka kara sun karya ba."

Ni sakarai har godiya na yi masa a zuci, wai ya rufa mini asiri.

Bayan damina aka kira taro a Shinkafi, aka buɗe taswira. Gefe guda za a kewaye da waya saboda dashe da tsuntsaye, gefe guda na masu lambu. Mashaya kuwa aka bar mata wani ɗan tsukuku can wajen taɓo, tunda bincike ya nuna shanun ba su da yawa. Na miƙe na ce garkena ba zai shiga nan ba. Malama Rashida ta dube ni, fuskarta ba daɗi. "Malam, da bakinka ka faɗa, maƙwabcinka kuma ya shaida. An riga an sa hannu."

Na nemi Jafaru da ido. Yana can yana gyaran hula. Daidai inda shanuna ke sha, nan aka yanka masa lambun albasa.

Ranin nan na ga tashin hankali. Shanu suna turereniya a tsukukun, har farar saniyar da mahaifina ya bar mini ta kafe a taɓo, muka yanka ta a wurin. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma ba saniyar kaɗai nake wa ba.

Bana da aka yanke gero, sai ga Jafaru da kwandon albasa, ko kunya babu.

"Aboki, gona tana jiranku. Yaushe za ku sauka?"

Bai lura Barakatu ta kwance bukka tana ɗaure ƙoruka bisa jaki ba. Arewa muka nufa, wajen iyakar Nijar, inda ban san kowa ba. Na tura masa kwandonsa da sanda.

"Shanun nawa 'yan kaɗan ne, Jafaru. Ba za su ishi gonarka ba."