Awa Huɗu Zuwa Kano

...awa huɗu, in ji ta. Hindu, kin ji abin da ɗiyarmu Sawsan ke ce wa ubanta? "Yaba, daga Bur Sudan zuwa Kano awa huɗu ce kawai a jirgi." Kawai! Ni da ke awa huɗu ban gama shayar da rabin hawashata ba, 'yar gonar nan tawa, ga ruwan ma yau da ƙyar yake gangarowa daga tur'a, magudanar ban-ruwan nan.

Kilomita dubu uku da wani abu, wai. Mijinta Muntari ne ya duba a waya. Mi ne ne dubu uku? Kakana shekara bakwai ya yi a wannan hanya, daga ƙasar Hausa za shi hajji, da jaki ɗaya, ya binne matarsa a Wadai, ya iso nan Kamlin da ƙafa a tsattsage, bai ƙara gaba ba. Ni jikansa, Sharfuddeen, shekara saba'in, ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ita ga ta can Kano... suna yi mata dariya a kasuwa, wai Hausarta ta tsofaffi ce, rabi kuma Larabci.

Ranar da ta tafi ba ki nan. Wata biyu da binne ki. Ta ɗauki tobenki shuɗi, babban mayafin nan, ta zaci ban gani ba. Na gani. Na juya ina gyara igiyar akuya da babu abin da ya same ta.

Kuɓewar nan ta yi ƙarfi, ya kamata a tsinke ta jiya—

Ta haihu, Hindu. Yau da hantsi. Mace. Ina nan bakin tur'a, laka har gwiwa, waya ta yi ƙara. "Yaba, ka zo." In zo? Wa zai share ƙayar da ke kan kabarinki? Mota kwana biyu kafin ma a ga jirgin... gwiwoyin nan kuma? Na ce in sha Allahu. Ta san irin wannan in sha Allahun, a bakinki ta koye shi.

Sai Muntari ya karɓa. "Baffa, kai ne babba. Ga waya a kunnen jaririyar, yi mata kiran salla."

Na goge hannu a riga. Na fuskanci alƙibla, tsakiyar dawa, belbela na kallona. Ina jin numfashinta, ƙarami, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Na fara. Na rufe ido, na kai har ƙarshe, ban tsallake komai ba.

Na buɗe ido — wayar shiru. Layi ya yanke.

Yaushe? A farko? A tsakiya? Na kira sau shida, ba ya shiga. Ban san iyakar abin da ya kai kunnenta ba, Hindu. Ban ma tambayi ko da wa take kama ba... Ruwa ya cika kunyar nan yana malala cikin ta maƙwabci, ina gani, fartanya na gefena. Bari in ɗan zauna tukuna.